Wanda Ya Ci Gurbi a Fili Shi Ya Kamata Ya Hau

Akwai wani suna da masu sharhin wasanni suka laƙaba wa gasar rukuni na biyu, wanda duk lokacin da na ji shi a rediyo sai raina ya sosu. Wai gasar gajiyayyu. Ƙungiya ta faɗo daga Firimiya, sai ka ji an ce ta tafi gasar gajiyayyu, kamar an kai ta wani ɗaki ne ta kwanta ta huta. Ina da ɗan ƙanwa da ya buga wannan gasa shekara biyu, na kuma ga abin da ta yi wa jikinsa. Wanda ya raɗa mata wannan suna bai taɓa zama awa goma sha biyar a ƙaramar bas ba, gwiwarsa na dukan kujerar gaba, ya sauka da daddare, gari ya waye ya shiga fili.

Ni mutumin Fagge ne, amma na fi shekara ashirin ina da shago a Obalende da ke Legas, ina sayar da kayan masarufi ba nisa da tashar da ke ƙarƙashin gada. Duk wanda ya san unguwar ya san ba ta barci. Masu tsire na rura wuta tun la'asar, masu shayi na kwana a zaune, direbobin bas na kiran Ajah da Oshodi har tsakar dare, sojoji da 'yan sanda na fitowa daga bariki suna sayen abin buƙata. A cikin wannan hayaniya akwai gidajen kallon ƙwallo, kuma yawancin masu cika bencinansu yaranmu ne, 'yan Kano da Katsina da Sakkwato da Borno da suka zo Ikko neman na kansu.

Ranar 26 ga Mayun 2024 na leƙa ɗaya daga cikin gidajen nan, na tarar ba masaka tsinke. Southampton ce ke karawa da Leeds a Wembley, wasan ƙarshe na neman gurbin shiga Firimiyar Ingila. Wasan rukuni na biyu ne. Yaran nan sun san Joe Aribo na Southampton, sun san Leicester ta riga ta haye da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho, sun san ƙungiyoyi 24 ne a gasar, kowacce ta buga wasa 46. Da Southampton ta ci ɗaya mai ban haushi, gardama ta kai har bakin shagona. Sai na tambayi wani yaro mai goyon bayan Kano Pillars ko ya san ƙungiyoyin da za su je Inugu wata mai zuwa neman hawa Firimiyar Najeriya. Ya ce, “Baba, ana ma yin wata gasa ne a Inugu?”

Ban ga laifinsa ba. Ba a nuna masa ba, ba a faɗa masa ba, kuma shekarar da ta gabata kaɗai ya taɓa sauraron labarin gasar, domin a lokacin Pillars na cikinta.

Gasar sunanta NNL, ita ce ke bin Firimiyarmu ta NPFL, kuma a ƙarƙashinta akwai gasar NLO ta ƙananan ƙungiyoyi. Ana raba ta gida biyu, Arewa da Kudu, kowane ɓangare a sake kasa shi rukuni-rukuni, saboda ba ƙungiyar da ke da kuɗin zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Fatakwal duk mako. Har zuwa 2025, waɗanda suka yi fice a rukunansu, su takwas, akan tara su a gari ɗaya a yi abin da ake kira Super 8, huɗu na Arewa su kara da juna, huɗu na Kudu su kara da juna, bibbiyu su haye. Wahalar wata da watanni ana yanke hukuncinta a wasa uku cikin 'yan kwanaki. Ina da ƙorafi a kan wannan tsari, domin ciwon ɗan wasa ɗaya ko kuskuren alƙali ɗaya na iya rushe aikin shekara, amma aƙalla a fili ake yin sa, kowa na gani.

Mu mutanen Kano mun ɗanɗani wannan gasa a 2023. Pillars, wadda ta ci Firimiya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗo a ƙarshen kakar 2021/22 tare da Katsina United da Heartland da MFM ta Agege. Har da makin da aka zaftare mata saboda rashin ɗa'a a filin wasa, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata mu riƙa tunawa. Na tuna daren da abin ya tabbata, wasu a Obalende ko tsire ba su iya ci ba. Amma Rabi'u Ali Pele bai gudu ba, ya bi ƙungiyarsa ƙasa, da shi aka je Super 8 na Asaba a 2023 aka dawo da ita. Katsina United ma ta dawo, Heartland ta dawo, sai sabuwar ƙungiya Sporting Lagos ta cike ta huɗu. Da Pillars ta haye, mu ma sai muka tattara hankalinmu muka bar wa gasar ƙura. Kakar da ta biyo baya, ta 2023/24, ita nake so in yi magana a kai, domin a cikinta na ga abin da ya fi burge ni a ƙwallon ƙasar nan, a cikinta kuma na ga abin da ya fi ɓata mini rai.

Kafin nan bari in ba da labarin ɗan ƙanwata, don mai karatu ya san me ake nufi da kaka ɗaya a wannan gasa. Ɗan baya ne, dogo, tun yana firamare ba shi da magana sai ƙwallo. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, ba zan kama sunanta ba. Ranar da ya sa hannu ya kira ni yana murna, ya ce an yi musu alkawarin kuɗin sa hannu da albashi da alawus na kowane wasan da suka ci. Kuɗin sa hannun bai taɓa ganin ko rabinsa ba. Albashi ya zo wata biyu ya tsaya. Takalmin da yake bugawa da shi ni na saya masa a kasuwar gwanjo na aika da shi ta motar dare. Idan za su wasan waje, sukan tashi ana gobe wasa don a rage kuɗin masauki, wani lokaci su kwana mutum huɗu a ɗaki ɗaya, wani lokaci a cikin motar. Abincin kafin wasa burodi ne da shayi, in an yi sa'a a haɗa da ƙwai. Ga hanya, wadda duk ɗan Najeriya ya san halinta. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kusa da Abaji, suka raunata 'yan wasa biyar. A Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta ƙone ƙurmus a Hawan Kibo. Waɗannan manyan ƙungiyoyi ne na Firimiya, shi ya sa jaridu suka ɗauka. Abin da ke samun na ƙasa da su a hanya, sai iyayensu kawai ke ji.

Na taɓa tambayarsa me ya fi yi masa ciwo, yunwar ko hanyar. Ya ce, “Kawu, ba ko ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne ka sha duk wannan wahala, ka isa filin mutane, tun kafin a busa ka san makin nan uku ba naka ba ne.” Ya ce akwai filayen da in kun kai minti tamanin ana kunnen doki, to ku fara shirin bugun fanareti, domin sai an samo shi ko ta halin ƙaƙa. Ya ce su ma in aka zo gidansu haka magoya bayansu ke tsammani, kuma alƙalin da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ba katanga ba isassun jami'an tsaro, shi ma yana da iyalin da yake so ya koma wurinsu lafiya.

A shekararsa ta biyu gwiwarsa ta goce a wani fili mai kama da fegin gyaɗa. Aka ba shi maganin kashe zafi, aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Yau yana tare da ni a shago, yana ɗingishi kaɗan idan an yi ruwa. Duk da haka, ranar da ƙungiyar ke wasa, yana nan riƙe da waya yana kiran tsofaffin abokansa ya ji yadda aka tashi. Su waɗannan yara abu ɗaya ne ke riƙe da su, wato in an jure aka haye Firimiya, za a gan su a talabijin, wataƙila wata ƙungiya ta waje ta ɗauke su, kamar yadda Ahmed Musa ya tashi daga Pillars ya kai Turai. Hawan nan shi ne ladan da suke jira, tunda albashin bai zo ba.

A watan Yunin 2024 aka taru a filin Nnamdi Azikiwe da ke Inugu. Daga Arewa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Nasarawa United suka haye, dukansu sun faɗo ne shekara guda kafin nan. Daga Kudu aka samu Ikorodu City da Beyond Limits ta Ikenne a jihar Ogun, wadda ita ce ma ta zama zakarar gasar. Sauran biyun na Kudu da suka rasa, Inter Lagos da Madiba, dukansu na nan Legas ne, a ƙarƙashin hancinmu suke atisaye. Mai karatu ya riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai ranar Asabar 29 ga Yuni. Wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda yanzu ake kira kofin shugaban ƙasa, aka kawo shi filin Onikan, wanda aka sauya wa suna zuwa Mobolaji Johnson Arena. Daga shagona zuwa ƙofar filin tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba: ka bi titin Moloney, ka wuce dandalin Tafawa Balewa, sai ga shi a bakin ruwa kusa da gidan tarihi. El-Kanemi ce za ta kara da Abia Warriors, ƙungiyar da ta shafe kakar tana Firimiya. Mai shayin layinmu Babarbare ne, ya fi shekara goma sha biyar a Obalende, ban taɓa ganin ya ɗaga teburinsa da rana ba. Ran nan ya kife kofuna ya lulluɓe da buhu, ya zo ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, “Alhaji, yau ko za a kore ni daga Ikko sai na je.” Na bar wa yara shago, ni da shi da ɗan ƙanwata muka taka.

Ban san akwai 'yan Borno da yawa haka a Legas ba sai ran nan. Daga Agege, daga Idi-Araba, daga Mile 12, daga Apapa, ga huluna zanna ko'ina. Nasiru Salihu ya zura ƙwallo biyu, aka tashi biyu da nema. Ƙungiyar da ta fito daga gasar da ake kira ta gajiyayyu ta ɗaga kofin ƙasa, karo na farko tun bayan da ta ci shi a jere a 1991 da 1992. Shekara 32 ke nan. Wannan ita ce ƙungiyar da rikicin Boko Haram ya taɓa raba ta da filinta, ta koma buga wasannin gida a garuruwan wasu. Mai shayi ya zauna a kan siminti ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya ce mini mahaifinsa ne ya ba shi labarin kofin 1992, kuma mahaifin bai kai ga ganin wannan ba. Ɗan ƙanwata kuwa shiru ya yi har muka fito, sai a hanya ya ce ya taɓa karawa da biyu daga cikin yaran da suka ɗaga kofin. Kocin da ya yi wannan aiki, Aliyu Zubairu, ba a jima ba aka ba shi ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20.

Da labarin kakar ya tsaya nan, da yabo kawai zan rubuta. Amma kafin a fara sabuwar kakar Firimiya sai aka shiga wata magana. Beyond Limits da Remo Stars da ke Firimiya mai su ɗaya ne, Kunle Soname, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya mallaki ƙungiya biyu a gasa ɗaya ba. Dokar tana da kyau, domin ba wanda zai yarda da sakamakon wasa tsakanin wa da ƙane idan ɗaya na neman kofi ɗayan ba ya neman komai. Saboda haka zakarar NNL ba za ta hau ba. To wa zai ɗauki gurbin? Heartland ta Owerri ce ta ɗauka, ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya a wannan kaka ɗin tare da Sporting Lagos da Doma United da Gombe United. Ta faɗi a fili a watan Yuni, kafin damina ta ƙare ta koma mazauninta, ba ta buga ko minti ɗaya a rukuni na biyu ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Inter Lagos da Madiba sun yi kakar gaba ɗaya, sun biya kuɗin mota da masauki, sun je Inugu, ɗaya daga cikinsu ce ke biye da waɗanda suka haye a teburin Kudu. Idan gurbi ya buɗe saboda doka ta hana wanda ya ci shi, hankali da adalci sun ce na mai biye ne. An tsallake su aka miƙa wa wanda ya riga ya faɗi jarrabawa. Ta ɗaya gefen kuma, Doma United da Gombe United, ƙungiyoyi biyu daga jiha ɗaya, sun faɗo kaka ɗaya da Heartland, suka ɗauki jakunkunansu suka tafi rukuni na biyu kamar yadda doka ta ce. Me ya bambanta su da ita, in ban da abin da aka zauna aka daidaita a ofis?

Na san amsar da ake bayarwa, domin na yi wannan gardama da mutane masu hankali. Suna cewa ba a karya wata doka ba, hukuma ce ta amince. Suna cewa ƙungiya dukiyar mai ita ce, gurbi ma kadara ne, yana da ikon yin yadda ya so da shi. Suna cewa Heartland tsohuwar ƙungiya ce mai tarihi, ita ce Iwuanyanwu Nationale ta da, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Pillars ɗinmu, tana da magoya baya, gwamnatin jiha na bayanta, don haka ta fi ƙaramar ƙungiya iya ɗaukar nauyin Firimiya. Maganar farko gaskiya ce, kuma ita ce ma ta sa nake rubutu, domin dokar da ta halatta wannan ita ce ke buƙatar gyara. Ta biyu ban yarda da ita ba. Mai ƙungiya ya mallaki motarsa da filinsa da kwantiragin 'yan wasansa, amma gurbi a gasa na gasar ne, ana ba da shi ne ga wanda ya tara maki, kuma ranar da ya zama abin da ake miƙawa hannu da hannu, teburin da muke bi duk mako ya tashi daga aiki. Ta uku kuwa fili ya riga ya amsa ta. A kakar 2024/25 Heartland, duk da an kawo mata Emmanuel Amuneke a matsayin koci, ta sake faɗawa. Ikorodu City, ƙaramar ƙungiyar da ta hau da ƙafarta daga Inugu, a nan Onikan ta riƙa karɓar baƙi, ta ƙare ta huɗu a teburin ƙasa baki ɗaya. Na kalli wasanninta da idona, yara ne masu gudu da ba sa jin tsoron kowa, kuma na ga manyan ƙungiyoyi sun zo sun sha kashi a hannunsu.

Kada wani ya ɗauka ƙabilanci ne ya sa na kama sunan Heartland. Wannan ciwo ya taɓa Arewa tun kafin nan, kuma da hannunmu a ciki. A farkon 2019 Kada City ta Kaduna ta haye Firimiya daga Super 8 da aka yi a Aba. Mutanen Kaduna suka yi murna sun samu ƙungiya a sama. Ba a je ko'ina ba gurbin ya koma hannun Delta Force, aka kwashe shi daga Kaduna zuwa jihar Delta. Kafin shekarar ta fita, Kwara United da ta faɗo ta karɓe shi daga hannun Delta Force ta koma Firimiya. Gurbi ɗaya, hannu uku, shekara ɗaya. Yaron da ya sayi tikiti a Kaduna ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya tambaye shi. Kuma ina faɗa da babbar murya: da a ce Pillars ce ta nemi wannan hanya a 2022, da ni ne na farko da zan ce ba da yawuna ba. Dawowar da ta yi ta Asaba ta fi mini daraja, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Matsalar ƙungiyoyi biyu masu uba ɗaya ba a kanmu aka fara ta ba, kuma maganinta sananne ne. A Sifaniya ƙananan ƙungiyoyin Real Madrid da Barcelona suna buga gasar ƙasa, amma kowa ya san tun ranar farko ba za su hau inda manyansu suke ba. A kakar 2013/14 ƙaramar Barcelona ta ƙare ta uku a rukuni na biyu, matsayin da ke kai ƙungiya wasannin neman hawa. Aka tsallake ta aka sauko wa mai biye, damar ta faɗa kan Cordoba da ta ƙare ta bakwai, ta buga, ta ci, ta hau. Ba taro, ba ciniki, ba wanda ya faɗo daga sama da ya samu ƙofar baya. Mu ma an san Beyond Limits da Remo Stars gida ɗaya ne tun kafin a buga ƙwallon farko. Layi ɗaya a kundin dokokin gasar ya isa ya kashe maganar tun ba ta taso ba.

Abin da ya sa na damu haka shi ne, rukuni na biyu shi ne gonar da Firimiya ke ci daga gare ta. Plateau United ta hau a ƙarshen 2015, ta ci kofin Firimiya a 2017, kuma wadda ta bi mata a wannan shekara ita ce MFM da suka hau tare, wadda Hausawan Agege ke cika wa fili a lokacin Stephen Odey. Remo Stars ta hau a 2021, ta zama zakara a 2025. A 2025 ɗin kuma wata ƙungiyar NNL, Abakaliki FC, ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Onikan, sai a bugun fanareti Kwara United ta sha da ƙyar. Duk mai kuɗin da ke tunanin kafa ƙungiya a Kano ko Zariya ko Sakkwato yana kallon yadda ake yi. Idan ya ga hawa na samuwa da haƙuri da renon yara, zai gina fili ya ɗauki koci. Idan ya ga ana samunsa da yarjejeniya, zai ajiye kuɗinsa ya jira wanda ya gaji. Gwamna kuma, in ya san faɗuwa na da magani a ofis, ba abin da zai sa ya biya albashi a kan kari a watan Fabrairu.

Gwamnonin namu ma ina da magana da su, domin yawancin ƙungiyoyin Arewa na gwamnatocin jihohi ne. An saba ranar da aka ci kofi a kira yara gidan gwamnati, a yi hoto, a yi kyauta. Kyauta ba laifi ba ce. Amma ɗan wasa ya fi buƙatar albashinsa a watan da ba a ci komai ba, da likitan da zai duba gwiwarsa ranar da ta goce, da motar da ba za ta mutu a daji ba. Wikki Tourists ta dawo Firimiya a 2025 tare da Barau FC ta Kano, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, da Warri Wolves da Kun Khalifat ta Owerri, duk ta hanyar Asaba. Ina yi musu murna. Amma a ƙasa an bar wasu da dama, irin su Sokoto United da Yobe Desert Stars, kuma a kowacce akwai yara irin ɗan ƙanwata da suka rataya rayuwarsu a kan alkawarin cewa in sun ci za su hau.

Mu kuma 'yan kallo, musamman mu mazauna Legas, namu laifin a bayyane yake. Ana yin abin da aka ga dama da gasar ne saboda an san ba mai kallo. Da a ce a Ingila aka ce ƙungiyar da ta faɗo ta karɓi gurbin Southampton, da yaran gidan kallon Obalende sun kwana suna tsine wa hukumar ƙwallon wata ƙasa. An yi a tasu ƙasar, a kan ƙungiyoyin garin da suke kwana suke tashi, ba wanda ya ɗaga kai. Kuɗin da yaro ke biya ya kalli wasa biyu a allo, ya sha hayaƙin janareto, ba shi da nisa da abin da zai kai shi Onikan ko filin Agege ya ga ƙwallo da idonsa, iska na kaɗa shi. Tun daga ranar El-Kanemi, ni da mai shayi mun mayar da shi al'ada, in akwai wasa a Onikan mukan taka, ko da ba mu san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Yanzu mukan kai mu bakwai ko takwas daga layinmu.

Kirana ga Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa NFF, da shugabannin NNL da na NPFL, shi ne a rubuta a doka kafin a buɗe wata kaka: ƙungiyar da ta faɗo ba ta dawowa Firimiya sai ta buga rukuni na biyu ta ci, kuma duk gurbin da mai shi ya kasa hawa, na wanda ke biye da shi a tebur ne. A karanta wa kowace ƙungiya wannan ranar da ta zo rajista, ta sa hannu. Ku kuma 'yan'uwana na Obalende da Agege da Idi-Araba, idan an fitar da jadawalin NNL na bana, ku nemi ranar da za a yi wasa kusa da ku, ku ɗauki yaranku ku je.